Guguwa a Cikin Gwangwani

Ni ban taɓa kiran sunan 'yata ta fari ba. Ko a gaban mutane, ko ni kaɗai a ɗaki. Haka muka taras a unguwarmu Madabo, haka uwata ta yi da babban yayanmu, haka ni ma na yi, kuma ban ga inda ya rage ni ba. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yaba shi, ba a zama ido cikin ido ana hira da shi. Da aka yaye ta, ƙanwar maigidana ta zo ta goya ta, ta tafi da ita Shahuci, can ta girma. Gwaggon nan tata take kira Umma. Ni kuwa Yaya take ce mini, don abin da ta ji gwaggon tana kirana ke nan. In zan yi maganarta sai in ce wa gwaggon "'yarki". In ta shigo ta durƙusa ta gaishe ni, in amsa ina kallon turmi.

Mijin gwaggon malamin makaranta ne, shi ya sa ta a boko. Ta yi ta karatu har muka gaji da tambayar yaushe za ta gama, rannan aka ce ta zama injiniya. Na ce ta mota ko ta rediyo? Aka ce ta iska. Ni kam ban ga ta inda iska za ta lalace har a kira mai gyara ba. Sai daga baya na gane. Wani kamfanin niƙan hatsi ne ya ɗauke ta a Bompai, aikinta ta hana gari tashi yana shiga ƙirjin ma'aikata da na maƙwabta.

Ni dai ban je makarantar kowa ba sai ta allo, ita ma ban yi nisa ba aka aurar da ni. Sana'ata fura. Daga Madabo har Kabara, ba gidan da ya yi suna ko walima bai aiko da ƙwaryarsa gidana ba. Gero na san shi kamar yunwar cikina. In na damƙa shi na san na bara ne ko na bana, na san ko ya sha ruwa a gona. Surfe, bakace, tankaɗe, sheƙa, duk wadda ta iya su a layinmu, ko dai ni na koya mata ko ta leƙo ta katanga ta gani.

Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula ne, da bazara. Tawadar zaɓe ba ta gama fita daga farcen babban yatsana ba. Gari ya cika da hotunan 'yan takara, waɗanda suka ci da waɗanda suka faɗi, duk a manne a bango ɗaya suna murmushi, awaki na cin na ƙasa. Rediyo ba shi da zance sai na ranar rantsarwa. Ina tsakar gida ina surfe gwaggon ta shigo, ko sallamar kirki ba ta ƙarasa ba.

"Yaya, baƙuwa za ki yi. 'Yata za ta zo ta yi kwana goma a gidan nan."

"Gidanki ya rushe ne?"

"Gidana siminti ne, ba na daka. Tsakar gidanki take so, da garinki, da rariyarki."

Ta zauna a kan tabarma ta warware mini. Ashe gama karatu daban, lasisi daban. In injiniya ba shi da lasisi, duk abin da ya zana sai wani mai lasisi ya buga hatiminsa a kai, aikin ya zama nasa. Shekara da shekaru 'yar nan ke zane, wani na buga hatimi. Bara ta zauna jarrabawar lasisin, aka kayar da ita a kan lissafi guda ɗaya. Bana za ta koma. Da farko a ba su takarda su yi lissafi, sannan ta zauna gaban manyan sana'ar ta kare wani aiki da ta yi da hannunta. Ita kuwa, da taurin kai irin na dangin ubanta, abin da ya kayar da ita bara shi ta ɗauko za ta kai musu.

"Ta ce in ta sake faɗuwa ta haƙura," in ji gwaggon.

Na ce, "Allah ya ba mai rabo sa'a," na ci gaba da surfena. Amma taɓaryar ta sauka da ƙarfin da ya fi na ɗazu.

Washegari da hantsi 'yar nan ta iso, mai amalanke ya sauke mata wani abu a zaure. Wani maƙerin gwangwani na bakin kasuwar Kurmi ne ya ƙera mata. Tsayinsa ya kai ƙirjina. Samansa kamar bokiti, ƙasansa ya tsuke kamar mazurari, an ɗaura masa wata 'yar tukunya a gindi. Akwai bututu ɗaya da ya shiga ta gefe, ɗaya kuma ya fito ta tsakar ka ya kalli sama. Ta kuma aro abin hura wuta na maƙerin, irin wanda ake juyawa da hannu, ta haɗa shi da bututun gefe.

Ta ce sunansa saikulon. Gwaggon ta gwada faɗa sau biyu, harshenta ya ƙi, ta ce, "Ni fassara mini."

"Guguwa ke nan, Umma."

"A'uzubillahi! Guguwa za ki saka mana a gida? Yaya, kin ji abin da ta kawo miki?"

Na ce, "Ni ban ji komai ba, 'yarki ce."

To, 'yar nan ta san ina ji. Shi ya sa duk bayanin da za ta yi wa Ummanta sai ta ɗaga murya ta juya gefen turmina. Ta ce iska mai ɗauke da gari za ta shiga ta gefe da gudu. Da yake cikin abin zagaye ne, ba ta da wurin zuwa sai ta yi ta juyawa tana gangarawa. Juyawar nan ita ke wurga ƙwayoyin gari su bugi bango, su sulale su faɗa tukunya. Iskar kuma ta juyo ta tsakiya ta fice ta sama, ta bar kayanta a ƙasa. A kamfaninsu akwai irinsa wanda ya fi soron gidan nan tsayi.

Ina da wata jar kaza a lokacin, mai yawan bin ƙafata. Na dube ta na ce, "Ke kin ji. Ashe sheƙa aka kai makaranta."

Gwaggon ta fashe da dariya. 'Yar nan ta sunkuyar da kai, amma na ga kafaɗarta tana rawa.

Lissafin shi ne wahalar. Ta shimfiɗa littattafai a inuwar rumfa, da kalkuleta, da fensir a soke cikin ɗankwali. Kullum tana yi tana faɗa a fili don ya zauna mata, har ni da ban san baƙi ɗaya na boko ba na haddace tsarin. Sai an san faɗin ƙofar da iska ke shiga. Sai an san gudun iskar, da sau nawa take zagayawa kafin ta fita. Sai an san nauyin abin da ta ɗauko. Daga nan ake gano wani girman ƙwaya na musamman, wanda in an zuba irinsa rabi zai faɗa tukunya rabi ya tsere ta sama. Abin da ya fi shi girma yawanci an kama shi, abin da bai kai shi ba yawanci ya tafi. Sai a bi kowane kaso a ga nawa za a kama daga cikinsa, a haɗa, a ce ga abin da guguwar za ta tara gaba ɗaya. Wannan ne takarda za ta faɗa. Abin da take so ta nuna wa manyan shi ne, abin da takarda ta faɗa shi gwangwani ya yi.

Ta karɓi geron da na surfa da wanda na daka, ta tankaɗe da rariyoyina, ta yi tsibi uku: tsaki, gari, da dusa. Ta waiga tana neman abin awo, sai ga kwanon awona a kife a kan randa. Ta ɗauka. Kwanon tsaki ɗaya, kwanon gari ɗaya, kwanon dusa ɗaya, kowanne ta shafe bakinsa da fensir. Ta rubuta. Ta ce lissafi ya nuna cikin kwano ukun nan kaɗan ne zai tsere.

Aka ba gwaggon aikin juya abin hurawa. Ta ɗaure zane a ƙugu ta kama. Abin ya fara kuka, gwangwani ya ɗauki gurnani, 'yar nan tana zuba hatsin a hankali ta bakin bututu. Kazata ta gudu bayan randa. Can sai bututun sama ya yi tari, dusa ta yi tsiri ta sauko kamar yayyafi, ba ta sauka a kan kowa ba sai mai juyawa. Gwaggon ta ɗago, gira fari, hanci fari, har cikin kunne.

"Yaya, dubi abin da aka yi mini a gidanki!"

Na ce, "Ai kin yi kyau. Yau kin san an yi daka a gabanki."

"Ke dai baƙin ciki kike, don na fi ki haske."

Muka yi dariya har da riƙe ciki. Maƙwabta suka leƙo ta katanga suna tambayar wane irin inji na saya. Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Ta kwance tukunyar gindi ta juye, ta auna da kwanon. Ɗaya, biyu, sai ɗan abin da ya rufe gindin na uku. Ta dubi takarda, ta dubi kwano, ta sake aunawa.

Ni tun a ranar na ga wani abu. Amma na ce a raina, mutumin da ya yi shekara ashirin yana karatu, wataƙila akwai abin da ya sani wanda mai fura ba ta sani ba. Na bari.

Kwana biyu, kwana uku, abu ɗaya. Ta ce ko iska na zurarewa ta wani wuri, ta dama ƙullu ta lilliƙe duk inda aka yi haɗi. Ta ce ko juyawar ce ba daidai ba, ta sa gwaggon tana ƙirga da baki, ɗaya, biyu, ɗaya, biyu, kamar sojan da ake sallama. Ta goge lissafin ta sake daga farko har takardar ta huje. Duk ranar Allah takarda ta ce kusan uku, tukunya ta ce biyu da ɗan kai. Na lura furar da nake ajiye mata a bakin rumfa ta fara dawowa da saura. Wannan kuwa ba a taɓa yi wa furata ba.

A rana ta huɗu na tabbata ba wani sirrin boko ba ne, kuskure ne tsagwaronsa, wanda ko yarinyar da ta fara tallan gari ba za ta yi ba. Amma ta yaya zan faɗa? In tashi in je rumfa in tsaya a kanta in ce ke wance, ga inda kika ɓata? Shekara talatin da wani abu ban yi mata doguwar magana ba. Bakina ma bai san hanyar ba.

Na fara da kaza. Ina watsa mata dusa ina cewa da ƙarfi, "Ci, ci, ai dusa ce, cika ciki kawai, ba nauyi." 'Yar nan tana can tana danna kalkuleta, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Na ja gwaggon madafi na yi mata bayani dalla-dalla, da hannu da ƙafa. Ta yi ta gyaɗa kai tana cewa ta gane. Matar malamin makaranta ce, tun da ta yi aure inji ke mata niƙa, ban da tabbacin ta san ta inda ake riƙe faifai. Ta fita ta tsaya a bakin rumfa, ina jinta.

"Yaya ta ce kwanon nan ne matsalarki. Ya yi ƙarami."

Na dafe kai. Kafin la'asar 'yar nan ta aro babban kwano a maƙwabta, ta auna uku da shi, ta zuba. Abin da ya ɓata ya ƙaru, dusar da ta sauka a kan gwaggon ma ta ƙaru. Wannan kam alhakina ne ya kama ta.

Da muka keɓe da gwaggon na ce, "Haka na ce miki?"

"To me kika ce? Kin ce kwano, na ce kwano. In kina da baki ga ta can."

"Kin san ba zan iya ba."

"Yaya, soja ma da bindigarsu sun yarda za su sauka. Ke ba za ki sauka daga kan kunyar nan ba ko na yini ɗaya?"

Na ce, "Soja hawa suka yi, ni gada na yi."

Saura kwana biyu jarrabawa, bayan la'asar, hadari ya ɗan taso ta gabas, iska ta fara kaɗawa mai sanyi. 'Yar nan ta gwada na ƙarshe. Ta auna, ta ajiye kwanon a hankali, ta zare fensirin daga ɗankwalinta ta sa a cikin littafi ta rufe.

"Umma, na fasa."

"Kin fasa me?"

"Ba zan je ba. Abin da na ƙera da hannuna ma ban san abin da yake yi ba. In sun tambaye ni me ya sa lissafina da gwajina suka saɓa, me zan ce? Bara a takarda na ji kunya, bana a gaban mutane za ni ji? A kira mai amalanke ya mayar wa maƙeri, ko bokiti ya yi da shi."

Ta durƙusa ta fara kwance igiyar da ta ɗaure tukunyar. Gwaggon ta juyo ta zuba mini ido, ba ta ce komai ba. A iya sanina da ita, wannan ne karo na farko.

Na miƙe. Na ɗauko kwanon awona, na ɗauko ƙaramar ƙwarya da faifai, na zo tsakiyar tsakar gida inda ba wanda zai ce bai gani ba. Na daka wa gwaggon tsawa.

"Ke, zo nan ki zauna! Tsofai-tsofai da ke, da jikoki, ba ki iya awo ba. Abin kunya ne a ce ƙanwar mijina ce. Yau sai na koya miki."

"Ni kuma me na yi?"

"Zauna na ce."

Ta zauna tana ƙunƙuni. Na cika kwano da tsaki na shafe, na juye a ƙwarya. Na cika shi da gari na shafe, na juye a kai.

"Nawa na zuba?"

"Biyu mana."

Na sa hannu na cuɗa, na girgiza ƙwaryar sosai. Na ce ta auna da kanta. Ta cika na farko, ta juye a faifai. Ta kwashe sauran, bai kai bakin kwano ba, da saura mai yawa.

"To ina sauran? Ke kika sace?"

"Wallahi ban taɓa ba! Yaya, sihiri kika fara?"

"Sihirin gidanku. Tsaki yana da ƙofofi a tsakaninsa. In kin haɗa shi da gari, garin sai ya shige ƙofofin ya zauna. Ba abin da ya ɓata, ɓuya ya yi. Wadda ta auna su a rabe ta zo ta auna su a haɗe, ta ce an yi mata sata, ita ta cuci kanta."

Ban waiwaya ba, amma na ji hannun da ke kwance igiya ya tsaya.

Na ce wa gwaggon ta miƙo hannuwanta biyu. Na ɗauko kwanon maƙwabta na zuba dusa daidai kwano ɗaya, na ɗora mata a hagu. Na cika nawa da tsaki na ɗora a dama. Hannun dama ya yi ƙasa har tsakin ya zube a cinyarta.

"Kai! Wannan ai dutse ne."

"Gero ɗaya ne, daga buhu ɗaya. Kwano wuri yake aunawa, bai san nauyi ba. Yanzu duba nan."

Na haɗa dusa da tsaki a ƙwarya, na miƙe tsaye, na juya wa iskar hadarin nan gefe, na ɗaga ƙwaryar sama da kaina na tsiyayo a kan faifai kamar yadda na yi sau dubu. Tsaki ya sauko tsaye. Dusa ta kama hanya ta nufi zaure.

"Kin ga dusar can? Wata ɓawonta ya fi ƙwayar tsaki faɗi. In da girma iska ke dubawa, da ita za ta fara faɗowa. Amma iska ɗagawa take yi ta ji. Duk wanda ya ba dusa nauyin tsaki a lissafinsa don ya ga tana da faɗi, to, ya shirya wanke kan mai juya masa inji."

Gwaggon ta buɗe baki za ta rama, sai na ga idonta ya wuce ni. Inuwa ta faɗo a kan faifai. 'Yar nan ce ta zo ta durƙusa a gefena, kusa ƙwarai, har ina jin numfashinta. Ta miƙo hannuwa biyu, tafi a sama.

Da na so, da na miƙa wa gwaggon ta ba ta. Na cika kwanukan da kaina. Na kafa idona a kan katanga, wajen da ƙadangare ke shan iska, na ɗora mata dusa a hagu, tsaki a dama. Yatsuna suka taɓa nata. Rabona da hannun nan tun yana ɗan mitsitsi, ranar da aka goya ta aka fita da ita.

Ta ɗaga wannan, ta ɗaga wancan. Sai ta zauna daɓas a ƙasa ta kama dariya, irin dariyar da ke zuwa da hawaye.

"Umma, da nauyi littafin yake nufi! Kason ma da nauyi ake raba shi, ni na zo ina yi da kwano. Kuma nauyi ɗaya na sa wa duka ukun. Innalillahi! Sikeli, Umma, sikeli!"

Ta zari mayafi ta yafa a baibai ta fita. Maƙerin yana da ɗan sikelin da yake auna dalma, shi ta karɓo. Ta auna kowane tsibi daban. Ta auna dusa ta gano nata nauyin, ta sake lissafin kasonta ita kaɗai. Ta ce yanzu takarda ta yarda yawancin dusa tserewa za ta yi, amma da yake ba ta da nauyi, abin da aka rasa ba shi da yawa. Gwaggon ta ɗaura tsohon buhu a ka ta kama juyawa. Aka juye tukunya a kan sikeli. 'Yar nan ta daɗe tana kallon allurar, ta dubi takarda.

"Sun haɗu. Bambancin bai kai cikin cokali biyu ba."

Gwaggon ta rangaɗa guɗa har tattabarun maƙwabta suka tashi. Ni kuwa na ce a kwashe mini kayan nan daga tsakar gida, hadari ya iso, kada garina ya jiƙe. Kafin a kira magariba ruwan farko na shekarar ya sauko. Furar da na ajiye a bakin rumfa ranar, ƙwaryar a wanke ta dawo.

Ta je ta yi jarrabawarta. Da ta dawo ta zauna tana ba Ummanta labari, fuska a wajen turmina kamar kullum. Ta ce lissafin takarda bai ba ta wahala ba. A wajen manyan kuwa, wani dattijo mai furfura ya riƙe rahotonta ya ce me ya sa ta ba hatsi ɗaya nauyi iri biyu. Ta yi masa bayanin dusa da tsaki. Ya ce a wane littafi ta gani, don shi bai ci karo da misalin ba. Ta ce ba a littafi ba ne, a gida aka nuna mata.

"Ya ce injiniya ne a gidan? Na ce a'a, ranka ya daɗe, mai fura ce."

Na ce wa kazata ta matsa ta ba ni wuri, tana tsaye a kan hanya kamar ba ta da aikin yi.

Sai da damina ta yi nisa, farar hula sun zauna a kujerunsu har mutane sun fara ƙorafi da su, sannan sakamako ya fito. Da safe ne, ina cura fura, ina mulmula kowane curi a cikin gari ina jerawa a faifai. Tun daga zaure na ji guɗar gwaggon. Suka shigo tare. 'Yar nan ta durƙusa ta gaishe ni, na amsa ina kallon abin da nake yi. Gwaggon tana rawa tana juya wani ɗan abu mai mariƙin katako a sama.

"Hatimi, Yaya! Hatimin 'yata! Daga yau ba wanda zai hau kan aikinta. Ba za ki ce komai ba?"

Na ce, "Allah ya sa albarka."

"Shi ke nan? Ko guɗa ɗaya?"

"Ke ce uwarta, ki yi."

'Yar nan ta karɓi hatimin daga hannun gwaggon. Na zaci jaka za ta mayar da shi. Sai ta matso gaban faifaina, ta zaɓi curin da ya fi kowanne girma, ta ɗora hatimin a kai ta danna. Da ta ɗaga, ga zagaye ya fito raɗau a jikin furar, da ƙananan rubutu a ciki.

Ta ce wa Ummanta, "Ban buga shi a kan komai ba tukuna. Nan ne farko."

Na dubi rubutun. Ban iya karantawa ba, amma na san abin da ke ciki.

"Sunanta ne fa," in ji gwaggon. "Tunda kin rantse ba zai fito ta bakinki ba, sai ki sa shi ya shiga."

Na ce, "Ku dai kun ɓata mini curi, wa zai sayi wannan?"

Na ɗauke shi daga cikin 'yan uwansa. Na ɗauko sabuwar ƙwaryata da ban taɓa sa wa komai ba, na zuba nono mai kyau, na dama shi da kaina a hankali har ya yi laushi, ba gudaji ko ɗaya. Gwaggon ta ɗauko ludayi ta matso. Na janye ƙwaryar.

"Haba Yaya, ni da na sha dusa kwana takwas?"

"Ga faifai nan cike, ɗauki wanda kike so."

Na juya musu baya, na fuskanci turmina, na shanye tas.